Manhajar da ke fitar da gangara da kanta: amsa ga mai binciken ruwan ƙarƙashin ƙasa

Wata ɗaliba da ke digiri na biyu a Samaru ta aiko mini da wannan tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Aikina a kan yadda ruwa ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa ne zuwa rijiyoyin burtsatse na wajajen Zariya. Mai duba aikina ya ce in nemi manhajar da ke da AD, in huta da fitar da dirabetif da hannu. Ni kuwa ban ga bambancinsa da abin da muka koya a aji ba, na a ƙara ɗan ƙaramin adadi a debe a raba. Mene ne shi, wace manhaja zan ɗauka, kuma laftof ɗina zai iya?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Akwai bambanci, babba ma kuwa, amma ba za ki gan shi ba sai kin fara ganin inda gangarar take shiga cikin aikin. Gangara nake ce wa dirabetif, wato idan ka ɗan taɓa wannan, nawa wancan zai motsa. AD kuwa taƙaitawa ce ta automatic differentiation, wato manhaja ta fitar da gangarar da kanta. Mai shayi ya san ta ba tare da ya shiga aji ba: ya san cokali ɗaya na sukari iya zaƙin da yake ƙara wa kofi, shi ya sa da ya ɗanɗana ya ji da saura, ba ya lalube, ya san ko rabin cokali zai ƙara ko biyu.

Tushen duk wannan fanni dokar Darcy ce. Henry Darcy injiniyan ruwa ne na garin Dijon a Faransa, a 1856 ya buga sakamakon gwajin da ya yi na tura ruwa ta cikin bututu cike da yashi. Abin da ya gano shi ne gudun ruwan yana tafiya daidai da bambancin matsi tsakanin bakin bututun biyu, kuma ya danganta da sauƙin ratsawar yashin. Duk wanda ya taɓa tona rairayin rafi da rani ya ga ruwa na tsattsafowa cikin ramin, ya ga dokar da idonsa. Manhajar kwaikwayo tana yanka ƙasar da ake bincike ɗaki-ɗaki, kamar gidan haya mai hawa, kowane ɗaki ba ya hulɗa sai da maƙwabtan da suka haɗa bango: gabas, yamma, kudu, arewa, sama da ƙasa, shida ke nan. A kowane ɗaki ana buɗe littafi irin na mai kanti, ruwan da ya shigo, wanda ya fita, wanda ya rage. Idan lissafin bai rufe ba, akwai giɓi. Aikin manhajar kaf shi ne ta nemo matsin kowane ɗaki da kason ruwan da ke cikinsa yadda giɓin duk ɗakunan zai zama sifili a lokaci guda, sannan ta taka zuwa gobe ta sake.

Matsalar ita ce lissafin ba miƙaƙƙe ba ne. Sauƙin da ruwa ke samu wajen wucewa ya danganta da yawan ruwan da ya riga ya jiƙa ƙasar, shi kuma yawan ya danganta da abin da ya wuce. Maciji ne ya ciji wutsiyarsa. Don haka ake bin hanyar Niyuton: a yi hasashe, a auna giɓi, a dubi gangara, a gyara hasashen, a sake, tamkar mai shayin nan. Sai dai a nan ba kofi ɗaya ba ne. Ana bukatar sanin yadda giɓin kowane ɗaki ke motsawa idan aka taɓa matsi ko kason ruwa na kansa da na kowane maƙwabcinsa. Teburin da ke ɗauke da waɗannan gangarori duka shi ake kira Jakobiyan. Akwai sanannen gwaji da masu harkar mai ke auna manhajojinsu da shi, SPE10, na shekarar 2001, mai ɗakuna 60 sau 220 sau 85, jimla 1,122,000. Da abubuwa biyu da ake nema a kowane ɗaki, layukan teburin sun kai 2,244,000, kodayake kowane layi bai wuce wurare goma sha huɗu masu lamba ba, sauran duk sifili ne.

To, ta ina ake samo waɗannan lambobi? Hanya ta farko ita ce ta iyayen gidanmu, biro da takarda. Ka zauna ka fitar da gangarar kowane yanki na ikweshan, ka rubuta ta a kod. Na yi wannan lokacin ina neman digirina na uku, kuma ban manta ba. Na yi kusan wata guda ina fama da wani kod da Niyuton ɗinsa ke jan ƙafa, sai ya yi zagaye ashirin da wani abu kafin ya rufe abin da bai kamata ya wuce biyar ba. Na zargi ragar ɗakunan, na zargi takun lokaci, na zargi kwamfutar. Ashe alamar debewa ce guda ɗaya na rubuta a matsayin tarawa a gangarar nauyin ruwa. Abin da ya sa irin wannan kuskure ke da mugunta, ba ya ba ka amsar ƙarya ka gane da wuri. Giɓin daidai yake, don haka idan ya rufe amsar gaskiya ce, sai dai ya cinye maka dare. Kuma ranar da ka ce bari in ƙara zafi ko gishiri a cikin lissafin, ka koma gidan jiya, sabuwar takarda, sabon biro.

Hanya ta biyu ita ce wadda kika ambata, ni ina ce mata taɓa-ka-gani. Bari mu gwada ta da lambobi. A ce sauƙin wucewar ruwa shi ne kason ruwa sau kansa, wato S sau S, kuma S ɗin 0.6 ne. Amsa 0.36, gangarar gaskiya kuma 2 sau 0.6, wato 1.2. Idan kika ƙara 0.001 a kan S, za ki sami 0.361201, ki debe 0.36, ki raba da 0.001, ya ba ki 1.201. Ya yi kusa, amma ba shi ba ne. Sai ki ce to bari in ƙanƙanta ƙarin. Yana gyaruwa har zuwa wani wuri, daga nan ya fara lalacewa, domin kwamfuta lambobi kusan 16 kawai take riƙewa a adadi ɗaya. Idan kika sa ƙarin ya zama ɗigo, sifili 16, sannan 1, kwamfutar ba za ta ma ga kin ƙara komai a kan 0.6 ba, sai ta ce miki gangarar sifili ce. Gaba kura baya sayaki: ƙari babba kuskuren yankewa, ƙari ƙarami kuskuren zagaye lamba. Mafi kyawun da ake samu a tsakiya wajen rabin lambobin ne, takwas daga cikin goma sha shida. Kuma ƙarin da ya dace da matsi, wanda ake lissafawa da miliyoyin faskal (ma'aunin matsi ke nan), ba shi ne ya dace da kason ruwa da ke tsakanin 0 da 1 ba.

AD ba ta ƙara komai, ba ta debe komai. Dabararta ita ce, duk wani kod, komai tsawonsa, tarin ƙananan ayyuka ne: tarawa, ninkawa, rabawa, ɗaga lamba, logaridim. Kowanne daga cikinsu an san gangararsa tun aji ɗaya na jami'a. Sai aka ce, maimakon kowace lamba ta yi tafiya ita kaɗai, ta riƙa tafiya da gangararta a goye. S ba 0.6 ba ce kawai, 0.6 ce goye da 1, don gangarar S a kan kanta ɗaya ce. Da aka zo ninka S da S, manhajar ta ninka lambobin ta sami 0.36, a lokaci guda ta bi dokar ninki a kan goyon, 0.6 sau 1 a tara da 1 sau 0.6, ta sami 1.2 cif. Ci gaba da shi. A ce ruwan da ke ratsa bango tsakanin ɗaki biyu shi ne 2, ƙarfin bangon, sau wancan sauƙin wucewa, sau bambancin matsin ɗakunan, a ce 5. Amsa 3.6. Goyon kuwa yanzu uku ne: a kan S ya zama 12, a kan matsin ɗaki na farko 0.72, a kan na biyu 0.72 da alamar debewa. Waɗannan lambobi uku su ne ake zubawa a gurabensu cikin Jakobiyan. Ke abin da kika rubuta kawai shi ne lissafin ruwan. Dokar sarƙa, wato gangarar kowane aiki ta ɗoru a kan ta wanda ya gabace shi, ita ake bi taki-taki, da lambobi, ba da alamomi ba, shi ya sa ba ta kumbura ta cika shafi kamar yadda manhajojin aljabara ke yi, kuma amsarta daidai take har iyakar lambobin da kwamfuta ke iya riƙewa.

Abin ba sabo ba ne. Lambobi masu goyo William Clifford ya zo da su a Ingila a 1873, Robert Wengert kuma ya bayyana yadda kwamfuta za ta yi amfani da wannan tafiya ta gaba a 1964. Akwai ta biyu, ta komawa baya, wadda Seppo Linnainmaa ya rubuta a kundin digirinsa na biyu a Helsinki a 1970. Ita ce yau ake horar da ƙirƙirarriyar basira da ita. Zan dawo kanta, don tana iya zama abin da ya fi amfanar aikinki.

Batun manhaja. Ga mai koyo, MRST nake nunawa, ba na ko jinkiri. Reshen cibiyar bincike ta SINTEF da ke Oslo a Norway ne ya rubuta ta, kyauta ce, kod ɗinta a buɗe yake, tana gudana a kan manhajar lissafi ta MATLAB, kuma babban ɓangarenta yana aiki a GNU Octave wanda shi ma kyauta ne, in kuɗin lasisi ne damuwarki. Knut-Andreas Lie ya wallafa littafi a kanta a 2019 a maɗaba'ar jami'ar Kambirij, ana sauke shi ba ko kwabo. A cikinta akwai umarni guda, initVariablesADI, wanda ke ɗaura wa matsi da kason ruwa goyonsu, daga nan duk abin da kika yi da su, Jakobiyan na haɗa kansa a bayan fage. Kwaikwayon ruwa ɗaya mai matsuwa, da rijiya ɗaya, bai fi shafi biyu na kod ba, kuma ikweshan ɗin a allo kusan kamar yadda yake a littafi yake. Akwai OPM Flow, ita ma kyauta, an rubuta ta da C++, tana da sauri, tana karanta fayilolin da kamfanonin mai suka saba da su, amma ta mai gudanar da babban aiki ce, ba ta mai son buɗe ciki ya canza ikweshan ranar Talata ba. Akwai JutulDarcy a harshen Julia, ita ma daga SINTEF, wadda ta haɗa sauri da sauƙin rubutu. Jami'ar Stanford a Amurka tana da tata, AD-GPRS, amma ba a buɗe take ga kowa kamar waɗancan ba. Za ki lura duk daga gidan man fetur suka fito. Dalili, a can ne azabar ta fi yawa: ruwa, mai da iskar gas suna tafiya tare, gas na narkewa cikin mai yana fita, kowane abu ya danganta da kowane abu. Wanda zai yi aikin rijiyoyin Neja Delta ko na Kolmani da ke tsakanin Bauchi da Gombe, ko irin binne iskar kabon da ake yi a Sleipner, filin gas na Norway a cikin teku, tun 1996, wannan ne makaminsa.

Yanzu ga inda zan ɗan ja da mai duba aikinki, cikin ladabi, don na tabbata yana da dalilinsa. Idan abin da za ki yi bai wuce ruwa ɗaya a cikin ƙasar da ta riga ta jiƙe sarai ba, ana zuƙa daga rijiyoyi ana kallon yadda ruwan ke sauka, to MODFLOW ta ishe ki. Hukumar binciken ƙasa ta Amurka ce ta fitar da ita tun 1984, kyauta ce, ita masu ruwan ƙasa suka sani, kuma duk wanda zai zauna a kan teburin kare kundinki ya san ta. Irin wannan lissafi kusan miƙaƙƙe ne, gangararsa ba ta da wuya. AD tana cin kuɗinta a wuri biyu. Na ɗaya, idan za ki sa abin da babu shi a manhajar da aka saba: yadda ruwan damina ke ratsa busasshiyar ƙasa kafin ya kai ga na ƙasa, wato ikweshan ɗin Richards na 1931, ko yadda takin zamani daga gonaki da ƙazantar masai ke bin ruwa zuwa rijiya, ko wata doka taki ta kanki. Na biyu, idan kina son daidaita kwaikwayon da abin da aka auna a fili.

Wannan na biyun shi ne ya dawo da mu kan komawa baya. A ce kin raba yankinki gida 500, kowanne da sauƙin ratsawarsa da ba ki sani ba, kina son ki gano lambobin da za su sa ruwan kwaikwayo ya yi daidai da zurfin da kika auna a rijiyoyi. Ta hanyar taɓa-ka-gani, wadda manhajar PEST ke bi, sai kin gudanar da kwaikwayon gaba ɗaya sau 500 da ɗaya kafin ki yi gyara guda. Ta hanyar komawa baya, wadda a wannan fanni ake kira adjoyin, gudu ɗaya ne gaba, ɗaya baya, ki sami gangarar duka 500 ɗin, kuma da 50,000 ne ma haka ne. Abin da tafiyar bayan take bukata shi ne Jakobiyan ɗin nan da aka riga aka haɗa, a kifa shi, layi ya koma tsaye. Wanda ya san darajar awa uku na wuta a Samaru ya san abin da wannan ke nufi.

Akwai abubuwan da ba ta yi, kuma gara ki ji su yanzu. AD gangarar kod ɗin da kika rubuta take ba ki, ba gangarar gaskiya ba. In kin rubuta ikweshan a karkace, za ta ba ki cikakkiyar gangarar karkataccen abu, Niyuton ya rufe lafiya lau, ki fito da hoto mai launi na shirme. Da can kuskuren Jakobiyan kan sa mutum ya koma ya sake karanta kod ɗinsa, yanzu babu wannan ƙararrawar. Sannan duk inda kod ya ce "idan kaza, bi nan, in ba haka ba bi can", akwai gwiwa, kuma AD reshen da aka bi kawai take gani. A fanninmu gwiwoyi sun yi yawa: zaɓar ɗakin da ruwa ke fitowa daga cikinsa don ɗaukar sauƙin wucewa, karanta lamba daga tebur, ɗaki ya bushe ya sake jiƙa, famfo ya tashi ya mutu. A irin wuraren nan Niyuton kan yi ta safa da marwa tsakanin amsa biyu, kuma maganin ba ya wajen AD, sai dai a rage takun lokaci, a taƙaita girman gyaran da ake yi a zagaye ɗaya, ko a goge gwiwar ta yi santsi. Idan kika shiga ikweshan ɗin Richards da lanƙwasar van Genuchten ta 1980, mai nuna yadda ƙasa ke riƙe ruwa da barinsa ya wuce gwargwadon jiƙarta, ki sa ido a kan ƙasa mai laka, inda lambar da ake kira n ba ta kai 2 ba. A can gangarar sauƙin wucewa tana tashi ba iyaka dab da ƙasar ta jiƙe sarai. AD za ta kawo miki wannan babbar lamba da gaskiyarta, ta tarwatsa miki lissafi, ba laifinta ba ne. Haka tushen lamba a kan sifili.

Kuma ba ta warware teburin ba, haɗa shi kawai take yi. A manyan ayyuka mafi yawan lokacin kwamfuta wajen warwarewar yake tafiya. Wannan ya kawo mu ga laftof ɗinki. In yana da gigabait 8 na ƙwaƙwalwa, ɗakuna dubu goma zuwa dubu hamsin ba za su dame shi ba, ko da mai warwarewar da MATLAB ta zo da shi. In kin haura dubu ɗari, ki haɗa MRST da AMGCL, manhajar warware manyan teburori, akwai hanyar yin hakan a cikinta. Ki fara da ɗakuna ɗari huɗu, ba dubu ɗari huɗu ba. Ki sa kod ya riƙa adana sakamakon kowane taki a faifai, saboda ranar da wuta za ta ɗauke batir ya ce ga garinku nan. Ki kuma kula da ma'auni: MRST mita, daƙiƙa da faskal take ji, sauƙin ratsawa kuma da murabba'in mita, inda darsi ɗaya, ma'aunin ratsawa da aka sa wa sunan Darcy, ya yi kusan kashi ɗaya cikin tiriliyan na murabba'in mita. Ku kuma a ruwan ƙasa mita a kowace rana kuka saba, wanda ya riga ya haɗiye nauyin ruwa da kaurinsa a ciki. Rabin ɗaliban da suka zo mini da "manhaja ta ƙi" a nan suka faɗi.

Kafin ki taɓa kowace manhaja, ki ba kanki yamma ɗaya ki rubuta taki 'yar ƙaramar AD, a Python ko Octave: lamba da goyonta, tarawa, ninkawa, rabawa, layi arba'in sun isa. Ki gwada ta da misalin 0.6 ɗin nan. Bayan haka babu abin da zai zame miki tsafi a MRST. Idan kin gina kwaikwayonki, ki yi masa gwaji uku. Ki kwatanta shi da amsar Theis ta 1935 ta rijiya ɗaya a shimfiɗaɗɗen ruwa, wadda ake iya lissafawa da hannu. Ki kalli yadda giɓi ke raguwa a zagayen Niyuton, lafiyayye yakan faɗo kamar 0.01, sai 0.0001, sai 0.00000001, sifilan na ninkuwa. Sannan, abin dariya, ki ɗauko taɓa-ka-ganin da muka gama kushewa ki duba AD da ita: ki hasko canjin giɓi da gangarar, ki kwatanta da canjin gaske, in kika raba ƙarin biyu ya kamata bambancin ya ragu sau huɗu.

Abin da ya fi damuna da aikinki ma ba lissafi ba ne, ƙasar Zariya ce. Mu a kan tsohon dutse muke zaune, irin wanda ya leƙo a Kufena. Ruwanmu ba a cikin shimfiɗaɗɗen yashi yake ba irin na bututun Darcy. Yana cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke ƙarƙashin marmara, da kuma cikin tsagogin dutsen mai rai da ke ƙasa da shi. Shi ya sa za a haƙa bohol a gidan nan ya yi ta ambaliya, a haƙa a gidan da ke kallonsa a tashi da ƙura, masu gidan su koma sayen ruwan 'yan garuwa. Wanda ya ba yankin duka lamba ɗaya ta sauƙin ratsawa ya kwaikwayi wani gari ne, ba Zariya ba. MRST tana da sassan da aka yi don dutse mai tsaga, har da tsarin ƙofofi biyu irin na Warren da Root na 1963, inda tsaga ke kai ruwa, jikin dutse ke ajiye shi. Amma kowane irin tsari lambobi yake ci, kuma adjoyin ɗin da na yaba zai iya daidaita miki lambobi 500 da awon rijiya shida har ki ga layi ya hau kan layi, alhali akwai wasu jerin lambobi dubu da za su hau daidai haka.

Saboda haka in za ki zo ofis ranar Laraba bayan azahar, ba laftof nake son fara gani ba. Ki zo da takardun haƙar rijiyoyin, inda aka rubuta zurfin da aka bar ƙasa aka shiga dutse, da sakamakon gwajin zuƙar ruwa na duk wadda aka yi wa, da ranar da aka auna kowace. Awon watan Afrilu da na watan Satumba a rijiya ɗaya ba magana ɗaya suke faɗa ba, kuma ina so in ga wanne kike da shi.